Karyewar Inusa Mai Robobi

Duk shekara, da masu lanho, wato masu karɓar haraji, sun fara zagaya shagunan Ƙonni, cikin Inusa mai robobi ke riga kunnensa jin labari. Sai ya murɗe. Ya sha kanwa, ya sha lemun tsami, ya sha wani jiƙo mai ɗaci da wani Buzu ya rantse masa a kai, duk a banza. Tuwo ba ya shiga, shayi ba ya daɗi, kowa a gidan ya zama mai laifi, har da kaji. Matarsa Salamatu ta riga ta saba. Idan lokacin ya zo sai ta rage yaji a miya, ta rage magana.

Ba wai Inusa ba shi da shi ba ne, kada wani ya ɓata tausayinsa. Shagonsa manne yake da gidansa a kan hanyar tasha, kuma bana kasuwa ta yi masa kyau. Bokitai, baho-baho, butoci, kuloli da kujerun roba da yake ɗaukowa daga tsallaken iyaka sun cika shagon, har sai mutum ya karkata zai shiga. To wannan cikar ce ta hana shi sakat. 'Yan kasuwar layin sun yi imani da ido ake yanka lanho: ma'aikaci ya leƙo, in ya ga kaya har rufi sai ya sa ka a sahun manyan 'yan kasuwa, kuma wanda ya hau sahun nan, in ji su, ba ya sake saukowa. Inusa kuwa ko a mafarki ba ya son hawa.

A yi masa adalci, ya fara gwada hanyar gaskiya. Ya zazzage buhun takardunsa a tabarma. Wasu da naira aka rubuta, wasu da sefa, wasu an naɗe ƙosai da su mai ya cinye rubutun, wasu akuya ta ɗanɗana. Yana cikin fama sai ya tuna ga kuɗin kai na mutanen gida ma bai biya ba. Ya mayar da komai buhu, ya ɗaure bakinsa tam, ya tafi wajen maƙwabcinsa Labo tela, mutumin da bai taɓa rasa shawara ba, bai kuma taɓa biyan kuɗin ɓarnarta ba.

"Kai dai Inusa ba ka da wayo," in ji Labo, ƙafarsa na kan keken ɗinki. "Mi za su gani in babu abin gani? Kwashe kayanga ka kai cikin gida. Su zo su iske kanta wayam, su rubuta abin da sunka iske."

Da rana ta take, layin ya yi tsit kowa ya shige inuwa, Inusa ya shiga jidar kaya ta ƙofar baya. Ya cika ɗakinsa, ya cika na Salamatu, ya cika rumfar girki. Abin da ya rage ya jingine shi a bayan ƙofar da ta haɗa shago da gida, ya danna ta da ƙyar. Salamatu ta tsaya da muciya a hannu tana kallo.

"Baban Husna, ina zan yi salla?"

"Tsakanin bahon ga da kulolin can akwai wuri."

"In yi sujada cikin baho?"

"Ke dai yi haƙuri, 'yan kwanaki na."

Da ya tsaya nan da da sauƙi. Amma Inusa mutum ne da in ya fara abu sai ya zarce. Ya kai babur ɗinsa gidan Labo ya lulluɓe. Ya tono wata tsohuwar riga da wuyanta ya sha jiki ya saka. Ya bar 'yan butoci da wani bokiti mai tsaga a kanta, ya zauna a ƙofa ya rafka tagumi. Duk wanda ya tambaye shi ina kaya, sai ya sauke numfashi ya ce, "Sai dai haƙuri."

Masu lanho ba su zo ranar ba, ba su zo washegari ba. Mutanen Ƙonni ne suka zo. Kafin la'asar labari ya kai tasha cewa Inusa ya karye. Wasu suka ce an kama masa mota a iyaka, wasu suka ce canji ne ya kayar da shi, wata tsohuwa ta ce ita dama ta ga alamar baki a idonsa. Aka shiga zuwa jaje rukuni-rukuni. Bayan sallar magariba liman ya ƙara addu'a ta musamman ga "wani ɗan'uwa da Allah ya jarraba", sahu gaba ɗaya ya juyo ya dubi Inusa. Mata suka ɗauko kwanonin tuwo zuwa wurin Salamatu, ita kuwa ba halin ta shigar da su, sai ta tare su a bakin zaure. Suka koma suna cewa baiwar Allah kunya take ji, har gadonta an sayar.

"Ka sa ina cin tuwon sadaka da ƙoshina," ta ce masa, ranta a ɓace ƙwarai.

Shi kuwa gogan, abin kunya, daɗi ya fara ji. Kowane mai jaje a wurinsa shaida ne. Cikinsa ya saki, ya ci tuwon sadakar har da ƙari.

Ran nan da hantsi sai ga Mushe Abdoulaye, wato Malam Abdoulaye da Faransanci, ma'aikacin lanho, siriri mai tabarau, da jakar takardu a hammata da gumi a goshi. Mutum ne mai haƙuri wanda ya sha jin ƙarya iri-iri, amma wannan karon tun daga tasha aka ba shi labari. Ya dubi kanta, ya dubi bokiti mai tsaga, ya dubi wuyan rigar Inusa.

"Malam Inusa, na ji abin da ya faru. Allah shi mayar da alheri."

"Amin, Mushe," in ji Inusa da wata murya da shi kansa ta ba shi tausayi. Labo ya bar ɗinkinsa ya zo ya jingina da ƙofa, wai shi mai taya jimami.

Mushe ya buɗe jaka ya zaro biro. Saura ƙiris aiki ya kammala, sai aka yi sallama.

Bawa ne, yayan Inusa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Manomi ne a ƙauyen Bazaga, in damina ta wuce kuma da amalanken jakinsa yake ci da iyali, yana ɗaukar ruwa da bulo da harawa. Bai cika zuwa birni ba, in ya zo kuwa a kan amalanke yake zuwa. Yau a ƙasa ya zo. Ƙafafunsa sun yi futu-futu, leɓensa ya bushe.

"Yaya! Lahiya? Ina amalanken?"

"Tana gida."

"Jakin hwa?"

Bawa ya tsaya yana duban kantar da babu komai. Ya sa hannu can cikin aljihun 'yar shara ya fito da wani ƙullin tsumma, ya kamo hannun Inusa ya danƙa masa.

"Wani ɗan kabu-kabu yab ba ni labari. Na kai jakin kasuwa. Ba su da yawa, amma ka sawo ko butoci na, ka sake tashi. Ban hau mota ba don kar in taɓa su. Ba a cewa ɗan babanmu ya ruhe shago ina da rai."

Inusa ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Labo daga bakin ƙofa sai ƙifta masa ido yake, wato karɓi ka yi shiru, in Mushe ya tafi a warware. Kuma da gaskiyarsa, dabarar ke nan. Inusa har ya buɗe baki zai yi godiya.

Sai Bawa ya lura da mai tabarau da biro, ya gane ko wane ne. Dattijon nan da furfura a gemu ya cire hularsa, ya durƙusa a gaban yaron da bai wuce ɗan cikinsa ba.

"Ranka shi daɗe, ka dube mu don Allah. Yaron ga bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. In akwai abin da za a biya, a rubuta da sunana, in na yi girbi..."

"Yaya, tashi."

"Bari in roƙe shi."

"Yaya, don girman Allah tashi!"

Inusa bai san sanda ya isa ƙofar baya ba. Ya zare sakata ya finciko ta. Kayan da ya danne suka yi ta kansu. Bokitai suka zubo ruu, baho-baho suka gangaro, wata kula ta mirgina har titi, kujeru suka kife a kan ƙafar Labo, wanda nan take ya tuna yana da ɗinkin gaggawa. A bayan tarin sai ga Salamatu tsaye.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Yau na yi salla a sarari."

Mushe Abdoulaye ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo.

"Malam Inusa, a ba ni kujera. Na ga akwai."

Ya zauna ya fara ƙirga.

Bawa ya miƙe a hankali. Ya tsallake bokitai ya shiga gidan, ya leƙa ɗaki ya leƙa rumfa, yana shafa kaya da tafin hannu. Inusa na biye da shi, kai a ƙasa, yana jiran mari, kuma ya san ya cancanta.

"Dut naka na?"

"Nawa na, Yaya."

"Ba a kama maka mota ba?"

"Ba a kama ba. Tsoron lanho na kawai."

Bawa ya kife wani bokiti ya zauna a kai. Kafaɗunsa suka fara girgiza, Inusa ya ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ko da yake hawayen ma sun zo.

"Kai, Allah na gode maka! Ni ina can na kasa cin abinci, na ce ƙanena ya talauce. Ashe ƙarya kaɗai kak koya a birni."

"Yaya, yanzu za mu tahi in hwanso jakin, ko nawa na."

"Wane jaki? Wanda yas saye shi tun jiya ya ƙetara iyaka da shi."

Kunya ta rufe Inusa, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya girma. Ya miƙa wa yayansa ƙullin da hannu biyu. Bawa ya dubi ƙullin, ya leƙa cikin shago inda Mushe ya cika shafi ya juya wani, sai ya tura hannun ƙanen nasa baya.

"Riƙe dai. Mutumin ga ko rabin bokitai bai kai ba."