Hoton Hafsatu

Ruƙayya na tsaye bisa turmin da ta kifa, kyamara manne da idonta, tana leƙen kaskon da Inna Larai ke soya karfasa. Man gyaɗa na tafasa. Kifin da aka riga aka kwashe yana cikin tire, an barbaɗe shi da yaji da yankakkiyar albasa.

"Inna, ki ɗan janye hannunki."

"In janye ya ƙone? Tunda nake ban taɓa ganin inda ake ɗaukar kifi hoto ba sai a gidan nan," in ji Inna Larai, ba ta ko ɗago kai ba.

Ruƙayya ta danna, ta sauko tana dariya. Malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Maraɗi, ta zo Madarumfa gidan mahaifiyarta Inna Larai hutun ƙarshen shekara ita da ƴarta Nana mai shekara biyar. Kyamarar kuwa ƙanenta Al'amin ne ya aiko da ita daga ƙasar da yake karatu, tare da fim guda mai ɗaukar hoto ashirin da huɗu. A wasiƙarsa ya ce a ɗauko masa abincin gida, ko idonsa ya ci. Cikin kwana uku ta ɗauki tuwon gero da miyar kuka, da kwaɗon zogale, da ƙwaryar fura, da latas ɗin da aka tsinko daga lambunan bakin tabki.

Kifin bai gama hucewa ba suka ji kuka daga gidan Ɗelu, maƙwabciyarsu. Ɗanta Isa ne. Shekaranjiya yana wasa a ƙofar gida; ya kwanta da ciwon kai da zazzaɓi, wuyansa ya sandare, yau ya cika. A wurin gaisuwa babu wadda ta ambaci sanƙarau. Sai dai a ce "ciwon nan", a sauke murya, kowace uwa ta laluba bayanta ta ji ko goyonta ya yi zafi.

Da Ruƙayya ta durƙusa gabanta, Ɗelu ta riƙe mata hannu.

"Madam, ina rufe ido in gan shi, sai in ga rigarsa kawai. Tun yau fa."

Matan da ke kusa duk sun ji.

Washegari da sassafe Balaraba ta yi sallama. Tare suka tashi da Ruƙayya, tare suka yi tallar kifi kafin a sa ɗaya lakwal a aurar da ɗaya ga Tanko masunci. Tana riƙe da hannun ƴarta Hafsatu, an yi mata wanka cikin wannan ɗari, an shafa mata kwalli, an sa mata rigar salla.

"Ki ɗauke mini ita da aparai ɗin nan naki," in ji Balaraba, tana nuna kyamarar.

"Haba, Balaraba. Yarinya lafiyarta ƙalau."

"Na sani. Ki dai ɗauke ta."

Kafin a gama wannan magana wasu mata uku sun shigo da nasu, sai kuma wasu. Yara goma suka taru a tsakar gida suna rawar sanyi. Rana ba ta hau katanga ba tukuna, fim kuwa yana son haske. Ruƙayya ta ce su shiga ɗakin Inna su jira. Ta kai musu kaskon garwashi da faranti na ƙosai, ta saki labule, ta ja ƙyaure don kada iska ta shiga. Nana ta bi su ciki. Kusan awa guda ana jin dariyarsu da tarinsu.

Da rana ta fito ta jera su jikin katanga, ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Uwayen na gefe, babu mai murmushi. Da aka gama Nana ta je ta tsaya inda sauran suka tsaya.

"Ni fa, Mama?"

Ruƙayya ta sauke kyamarar. Ta so ta ce fim ya ƙare. Amma yarinyar ta riga ta gyara ɗankwali, ta haɗe ƙafafu. Ta ɗaga kyamarar ta danna.

Kwana uku bayan haka Hafsatu ta kwanta. Kafin yamma aka ce wani yaro ma daga cikin waɗanda aka ɗauka an wuce da shi gidan likita a amalanke. Da Ruƙayya ta je rijiya da safe, matan da ke hira suka yi tsit. Wata ta ja ɗanta bayan zanenta. Mai kawo musu nono ta wuce ƙofar gidan ba ta leƙo ba.

Bayan la'asar Tanko ya yi sallama a zaure, da maza biyu a bayansa. Inna Larai ta fita, Ruƙayya na biye. Idanunsa sun yi ja, wandonsa jiƙe yake har gwiwa.

"Inna, ba rashin kunya na zo yi ba," ya ce. "Abin nan nake so a ba ni. An ce duk yaron da aka ɗauka yana ciki. A buɗe a sake su."

"Tanko, ka ji tsoron Allah. Isa na Ɗelu wa ya ɗauke shi hoto?" in ji Inna Larai.

"Ni ban san na Ɗelu ba. Na san tawa ta shigo gidan nan da ƙafarta, yau ba ta gane uwarta."

Ruƙayya ta matso. Ta yi magana a hankali, kamar yadda take yi a aji.

"Malam Tanko, wannan ƙarfe ne da gilashi, ba ya riƙe kowa. Ciwon nan numfashi yake bi. Idan sanyi ya yi, aka cusa yara ɗaki ɗaya aka rufe ƙofa..."

Maganar ta maƙale. Ta ga hannunta yana jan ƙyauren ɗakin Inna. Ta ji tarin yaran a bayan labule. Ta dafa bangon zaure.

"Sai me?" in ji ɗaya daga cikin mazan.

"Bari in ɗauko muku," ta ce.

A ɗaki ta tsaya da kyamarar a hannu. Ta san idan aka buɗe bayanta haske ya taɓa fim ɗin, duk fuskokin za su goge. Ta naɗe shi da sauri, tana tari don kada a ji ƙarar. Ta zare shi ta ƙulle a bakin zanenta, ta fito.

Tanko ya karɓa da hannu biyu. Ta nuna masa inda ake buɗewa. Ya leƙa cikin baƙin ramin, ya juya ya kakkaɓe, ya sake leƙawa.

"Ina suke?"

"Babu kowa a ciki."

Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya sa kyamarar a aljihun rigarsa ya juya. Daga baya aka gaya wa Inna Larai cewa ya tuƙa kwalekwale har tsakiyar tabki ya sake ta a ruwa.

Ruƙayya ba ta yi kukan kyamara ba. Tun daga ranar idonta na kan Nana. Ta ƙirƙiro musu wasa: kowane ɗan lokaci sai ta ce, "Nana, kalli cibiyarki." Yarinyar ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji, ta ɗago tana dariya. Ana cin tuwo, a yi wasan. Ana tsefe kai, a yi. Inna Larai ta gane, sai ta riƙa tofa addu'a a kofin ruwan jikarta. Ruƙayya ta yi tunanin komawa Maraɗi, sai ta tuna yaran gidan da take haya. In akwai abin a jikin Nana, can za ta kai musu.

A safiya ta uku Inna na dama kunu, Nana ta fito ta zauna bakin ƙofa ta rufe fuska da hannu.

"Mama, rana na shiga idona."

Ruƙayya ta taɓa goshinta, ta ji kamar murfin tukunya.

"Nana, kalli cibiyarki."

Yarinyar ta gwada. Kan ya ɗan sauko, ya tsaya. Ta fara kuka.

Ruƙayya ba ta san lokacin da ta goya ta ba. Ta fita ba takalmi, ta bi ta bayan kasuwa, ta wuce masu shanya taru, kan Nana na bugun bayanta kamar ƙwarya. A gidan likita ɗakuna sun cika, an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin itatuwan bedi. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya tallafi ƙeyar yarinyar ya ɗaga, jikinta duka ya biyo. Ya zuƙo wata allura mai kauri kamar mai, ya raba ta biyu, ya yi mata a kowane ɗuwawu.

"Kin yi saurin kawo ta," ya ce. "Saura na Allah. Nemi inuwa."

Inuwar da ta rage ɗaya ce, kusa da Balaraba. Hafsatu na kwance a gefe, kanta ya karkata baya, leɓunanta sun bushe. Ruƙayya ta tsaya da ƴa a hannu, ta kasa matsawa. Balaraba ta dube ta, ta dubi Nana, sannan ta ja tabarmarta ta buɗe wuri.

Da hantsi Inna Larai ta iso da kunun a kwano, da takalman Ruƙayya a hammata. Balaraba ta ce ba ta jin yunwa. Inna ta sa mata ludayi a hannu ta tsaya a kanta har ta sha.

"Ni na shigar da su ɗaki," in ji Ruƙayya, bayan Inna ta tafi ɗebo ruwa. "Ni na rufe ƙofa. In wani abu ya kama su a gidanmu, can ne."

Balaraba na korar ƙuda daga fuskar ƴarta.

"Ni kuma na kawo ta da ƙafata. Har wanka na yi mata." Ta dubi Ruƙayya. "Da gaske babu komai a cikin abin?"

Ruƙayya ta duba hagu da dama. Ta kama hannun ƙawarta ta ɗora bisa ƙullin da ke bakin zanenta. Balaraba ta shafa shi da yatsa, ta janye hannu, ta ci gaba da korar ƙuda.

Hafsatu ta cika washegari kafin azahar. Tanko ne ya ɗauke ta a kafaɗa, lulluɓe da zanen uwarta. Ya wuce ta gaban tabarmar Nana bai dubi kowa ba. Ruƙayya ta kifa kanta a cinyar ƴarta tana sauraron numfashinta, tana tsoron ɗagowa.

A kwana na huɗu Nana ta buɗe ido ta ce tana son kan kifi. Inna Larai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Sai bayan sun koma gida suka lura cewa in an kira yarinyar ta hagu ba ta waiwayowa. Majo ya ce kunnen ba zai dawo ba.

Hutu ya ƙare, suka koma Maraɗi. Fim ɗin ya yi sati uku a jakar Ruƙayya, kullum tana wucewa ta gaban shagon mai wanke hoto ba ta shiga. Daga ƙarshe ta kai shi, amma ranar da ta karɓo ambulan ɗin hotunan ba ta buɗe shi a hanya ba. Daga cikin yara goma sha ɗaya da ke jikin katangar, biyu babu su. Ta aika wa Inna sauran hotunan ta raba wa uwayensu. Na Hafsatu ta ce ita za ta kai.

Wata Lahadi ta shiga motar Madarumfa. Ta tarar da Balaraba a tsakar gida tana fere kifi, Tanko na zaune bakin rumbu yana ɗinkin taru. Ba ta zaci zai kasance a gida ba. Ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Ta tsuguna kusa da Balaraba, ta juya masa baya, ta zaro hoton daga cikin littafi.

Hafsatu na tsaye jikin katanga, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, kwallin ya ɗan zubo a idon dama. Da ɓarin ƙosai a hannunta, ta ɓoye shi rabi a bayan riga.

Balaraba ba ta taɓa ba, hannunta duk ƙaya da jini. Ta dai sunkuya tana kallo, bakinta na motsi.

"Ashe ba ta cinye ba," ta ce.

Ƙarar zaren taru ta tsaya. Ruƙayya ta ji takunsa a bayanta, ta ji inuwarsa ta rufe su. Ta yi niyyar mayar da hoton cikin littafin, hannun ya ƙi.

"Kin ce babu kowa a ciki," in ji Tanko.

"Na ce."

Tanko ya tsaya haka har kaza ta zo ta fizge hanjin kifi ta gudu, ba wanda ya kore ta. Sannan ya je bakin randa, ya ɗebi ruwa, ya wanke hannunsa da sabulu har sau biyu. Ya goge a gaban rigarsa, ya duba tafin, ya sake gogewa. Ya dawo ya miƙo hannu.

"Kawo in gani a haske."