Keken Tela Ba Zare

Wani dare na ji ƙara daga bayan bangon ɗakina, kirir-kirir, kamar tsuntsu yana koyon tari. Na daɗe ina saurare, har na fara tsara masa launin fiffike a raina.

Da safe na leƙa gidan maƙwabcina, tsohon tela. Ashe keken ɗinkinsa yake takawa, ba zare, ba yadi, ya ma cire allurar. Ni da shi ciwon gwiwa ɗaya muke fama da shi, kullum muna gardamar ta wa ta fi ƙara in an miƙe. Ya ce likitar ƙashi ce ta ce ya motsa ƙafa ya rage tumbi, don naman cinya ne ke ɗauke wa gwiwa kaya. Na yi dariya, na ce aljanu yake yi wa riguna.

Ni na ci gaba da shafe-shafen maganina. Shi kuwa kafin a jima ya jingine sandarsa, yana tsallake kwata kamar ɗan akuya. Tumbin ya zube. In ya gaishe ni sai in ji gaisuwar ta yi tsayi da yawa.

Mai ɗakina ma gwiwarta ta daɗe da ƙin lanƙwasuwa. Matar tela ta ja ta, ta fara zuwa taka keken kowace safiya. Ina jiyo su ta bango su uku suna dariya, irin dariyar da na manta tana da ita. Ta dawo tana tsugunawa gaban murhu ba tare da ta riƙe komai ba, tana cewa tela ya ce kaza, tela ya ce kaza.

"Tela ya zama likita ke nan?" na ce. "Daga yau a zauna gida."

Ta kuwa zauna. Sannu a hankali na ga ta koma bin bango in za ta ɗebo ruwa. Da ta miƙe sai ta cije leɓe, ni kuma in kau da kai in hau ƙirga ƙadangaru.

Rannan muna zaune a tsakar gida, tana murza gwiwa, tela ya yi sallama ya tsaya bakin ƙofa, tsaye ƙyam, ba sanda. Ya dube ta, ya dube ni.

"Yaya, lafiya dai ta daina zuwa?"