Tarwaɗa a But ɗin Mota

Ba don Meram ta matsa ba, da yawon nan a Gashua zai ƙare, kowa ya koma gida da ransa fes. Fatihu, ƙanin mijinta Zakir, ya zo musu hutu Nguru daga Kano, ya hana kowa sakat sai an zaga da shi. An kai shi tsohuwar tashar jirgin ƙasa ya ɗau hoto a kan dogo, an kai shi kasuwar kifi har rigarsa ta kwashi ƙaurin banda. Washegari suka kama hanyar Gashua, suka leƙa tsohon garin Gogaram, yana ta jero wa dattawa tambayoyi ba ya tsayawa ya ji amsa. A nan ne Meram ta ce ai ba za a zo har nan a wuce gidan ubanta ba.

Mahaifinta shi ne Sarkin Ruwan ƙauyensu. Tafkin bayan gari kuwa a rufe yake tun janyewar ruwa, ba mai jefa ko zare sai ranar su, wato kamun kifin gayya, ranar kuma ta kusa. Wanda ya taɓa kifin tafki kafin a buɗe, gidansu ba ya shiga su a shekarar, in kuma baƙo ne, laifin na mai masaukinsa ne. Tsohon ya riga ya gaya mata gwiwoyinsa sun gaji, bana ne zai ja mutane zuwa ruwa karo na ƙarshe.

Duk wannan Meram ba ta gaya wa Fatihu ba. Ina ma za ta tuna? Abin da ɗan yaye ya sani a ƙauyen! Ga sanda can a kafe a bakin tafki da ƙullin ciyawa a kanta, kowa ya gani ya san ma'anarta. Fatihu dai ya gan ta, har ya rataya hularsa a kai.

Bayan an ci tuwo ta fito ɗauko tsarabar da ta manta a mota, sai ga shi yana washe baki, ƙafar wandonsa duk taɓo.

"Matar Yaya, zo ki ga aikin maza."

Ya ɗaga murfin but. Tarwaɗa ce, baƙa wuluk, ta kai tsawon hannun mutum, kwance cikin kular da suka zubo lemo, tana motsa gashin baki. Ga fatsar da ya saya a kasuwar Nguru a gefe.

"Innalillahi! Fatihu, a ina?"

"Can baya mana. Kifi kamar a ɗiba da hannu, amma mutanenku sun zuba masa ido."

"Wa ya gan ka?"

Yadda ta yi tambayar ya sa dariyar ta gudu daga fuskarsa. Ta gaya masa dokar a gurguje. Ya ce to bari ya mayar. Ta waiga bakin tafki, ga mata sun fito ɗibar ruwa, ga makiyaya sun kawo shanu. Mayarwa a gaban wa? Ta danna murfin da hannu biyu ta ce ya je ya taso yayansa, tafiya za su yi yanzun nan.

Amma wa ya taɓa barin gidan Sarkin Ruwa da gaggawa? Sai da aka yi la'asar, sai da aka sake gaisawa da kowa. Da suka fito, tsohon ya biyo su yana dogara sanda, maƙwabta uku a bayansa, yayanta Madu kuma ɗauke da buhun gero a ka.

"Zakir, buɗe bayan a sa muku wannan," in ji tsohon.

"Baba, but ya cika," Meram ta yi caraf. "A sa a kujera, zan matsa."

"Gero a kujera, ke a ina? Buɗe, ɗana."

Zakir, bawan Allah, bai san komai ba. Ya zagaya yana laluben makulli. Kafin ya kai hannu, sai ga ƙara daga ciki, bum! Ta sake bugawa, bum, bum. Tarwaɗa dai ba ta san mutuwa da wuri ba.

Murfi ya ɗagu. Maƙwabtan nan suka miƙo wuya, duk masunta ne. Zakir ya dubi kifin, ya dubi ƙaninsa.

"A kasuwar Gashua muka saya," in ji Fatihu, gumi na bin wuyansa.

Tsohon bai ko kalle shi ba, baƙo ne, ba a titsiye baƙo. 'Yarsa ya juya ya duba.

"Meram, haka ne?"

Ta ga Madu tsaye da buhu a ka, shi da ya yi wata yana gyaran homar kamun kifi. Ta ga hannun ubanta a kan sanda, jijiyoyi duk sun fito. Tausayinsa ya kama ta, tsoro ya kama ta, bakinta ya riga hankalinta.

"Wallahi, Baba, a kasuwa aka saya."

Tsohon ya daɗe yana kallonta, kallon da ta gwammace mari a kansa.

"To," ya ce. "Tunda kin rantse. Madu, sa musu geron."

Ya yi musu addu'ar hanya kamar kullum, har ya sa wa Fatihu albarka. Maƙwabta suka amsa da amin a ciki-ciki.

Sun wuce Gashua, sun kama titin Nguru, Meram ta fara lallashin kanta. Ai ta tsare masa shekararsa ta ƙarshe. Kaffara ce, za ta yi azuminta, Allah Mai gafara ne. Sun kusa Jajimaji wayarta ta yi ƙara. Madu ne.

"Yaya, lafiya?"

"Ina fa lafiya. Kuna tashi Baba ya sa aka tara mutane a ƙofar gida. Ya ce bana gidanmu ba ya shiga ruwa, wani ya ja su."

"Yaya Madu, ai na ce..."

"Na ji abin da kika ce, kowa ma ya ji. An so a kira ki a waya a ji ba'asi, ya hana. Ya ce kada wanda ya ƙara tambayarki komai, don kada a sa 'yarsa ta sake rantsewa."