Bangon da Hodi Ya Fasa

Mako shida Hodi ya yi yana filastar wani sabon gida a unguwar Gesse. Birkila ne mutumin Argungu, ya haura shekara sittin, kuma kullum a motar haya yake zuwa Birnin Kebbi ya koma. Ranar Alhamis ya gama, ya wanke kayan aikinsa, ya yi sallama da mai gidan, Malama Hanifa.

Ranar Asabar ta kira shi a waya.

"Baba Hodi, don Allah ka yi haƙuri ka dawo. Akwai matsala."

Da ya iso, sai ya tarar an zazzana masa bango da jan alli, daga sama har ƙasa, ɗaki bayan ɗaki. Wani mai sa wayar intanet, Abdussamadu, yana tsaye da allin a hannu. Malama Hanifa tana zaune a kan bulo, ta zabga tagumi. Malamar makaranta ce, rabin darussanta ta intanet take bayarwa. Mijinta Albashir yana aiki a Abuja, ginin duk a kanta yake, shekara uku ke nan.

"Mi ya samu bangona?" in ji Hodi.

Abdussamadu ya ce, "Baba, wanda ya yi wayarin gidan, bututun wutar lantarki kawai ya binne. Bai bar wa wayar intanet hanya ba. Wuri goma sha ɗaya za a tsaga."

"Kana ina sa'ad da bango yake tsirara?"

"Jiya aka kira ni, Baba."

Malama Hanifa ta ce laifinta ne, ba ta san da wuri ake yin abin ba. Abdussamadu ya yi mata bayani: waya da akwatuna da aikinsa za su ci naira dubu ɗari huɗu. In kuma an ɗauko injin yankan bango daga Sakkwato, aka zo aka gyara, kuɗin ya kusa ninkawa.

Malama Hanifa ta ce, "Ni wallahi na gaji da gidan nan tun ban shige shi ba."

Aka rage wuraren zuwa biyar. Inji kuwa aka haƙura da shi. Ta dubi Hodi ta ce, "Baba, ko za ka iya da hannu?"

Ya so ya ce a'a. Amma ya san in ya ƙi, wani za a kawo ya yi wa bangon kaca-kaca. Ya ce a samo masa guduma da kurfi.

Ranar farko ya gane abin da ya jawo wa kansa. Bai taɓa rage siminti a kwaɓinsa ba, yashin ma shi ya zaɓo. Sai ya doka sau huɗu kafin ɗan ɓarɓashi ya faɗo. Kafin azahar kafaɗarsa ta riƙe. Abdussamadu na biye da shi, yana cusa bututu, yana jan shuɗiyar waya, yana cewa, "Kai Baba, wannan filasta taka kamar dutse." Hodi ya ci gaba da dukan bango.

Kwana huɗu ya yi yana fasawa, biyu yana toshewa. Duk yadda ya goge, sabon shafen ya fi tsohon duhu, layi biyar a miƙe. Malama Hanifa ta ce fenti zai rufe. Shi ya san ba zai rufe duka ba, mai ido zai gani.

Yana wanke hannu wayarta ta yi ƙara. Albashir ne. Ta koma gefe, ta daɗe tana "to, to". Da ta dawo ta kasa haɗa ido da Hodi.

"Wai yana son a sa kyamara a bakin ƙofa da bayan gida. Waya biyu kawai, Baba."

Hodi ya dubi katangar, wadda ita ya fara shafewa.

"Malama, ki ce mashi ya zo ya ga gidan da idonshi, ya faɗi duk abin da yake so gaba ɗaya. Sa'annan ki kira ni."

"Sai bayan Sallah zai zo."

"To, bayan Sallah."

Ba ta yi musu ba. Ta raka shi har titi, ta tare masa mai babur.

A tasha motar Argungu saura mutum uku ta cika. Ya zauna kusa da taga, ya sayi ruwan leda, amma guduma ta gajiyar da hannunsa har ledar ta suɓuce ta faɗi a cinyarsa. Wata tsohuwa mai kwandon albasa da ke gefensa ta ɗauka, ta huda masa, ta miƙa. Ya yi godiya ya sha. Suka ci gaba da jiran mutum ukun.