Diddigen Lucius

"Ka fara mana, Cleophus," in ji Ozella. "Ko sai ya tashi ya roƙe ka?"

Cleophus Dabney na zaune a bakin gado, jita a cinya, bai kaɗa ba. Kwana tara ke nan da ɓarin jikin Lucius Tarpley, maƙwabcin Ozella, ya shanye, likita kuma ya ce ba zai ga Lahadi ba. Da safe bakinsa ya iya fitar da kalma guda, sunan Cleophus. Shi ya sa ta ɗora hularta, ta je har shagon aski ta taso shi.

Shekara goma sha ɗaya suka yi suna kiɗan blues tare, Lucius a piyano, Cleophus a jita, kafin su ɓata. Faifansu ya kai har Texas, samarin Chicago kuma har yau salonsu suke kwaikwayo. Unguwa ta yanke hukunci tun tuni cewa Lucius ne gwanin, ɗayan ɗan rakiya ne. Ozella, da ta sha jin su ta bango, ba ta taɓa yarda ba.

"Ba zan iya ba," Cleophus ya ce. "Ban taɓa riga shi shiga ba. Sai ya buga diddige sau biyu a ƙasa. Haka muke yi."

"Mutumin da ko cokali ba ya iya riƙewa?"

"To, sai mu zauna."

"Alfadarin kakana ma ya fi ka jin magana."

Ta tsallaka gidanta, ta ɗauko katakon da take murza fulawa, ta ɗaga bargo, ta tura shi ƙarƙashin ƙafar Lucius ta dama, mai sauran motsi.

Cleophus ya sunkuya kusa da kunnen Lucius. "To, tsohon banza, ga daɓe an kawo maka. In ka ja mini rai yadda ka saba, tafiyata zan yi."

Leɓen Lucius ya ɗan motsa. Diddigen ya ɗaga da ƙyar, ya sauka. Ƙwas.

Suka jira na biyu. A waje mai sayar da ƙanƙara ya wuce yana kiran masu saye. Ozella ta dubi bargon, ta ga ya daina hawa da sauka. Ta je ta tsayar da agogon bango, kamar yadda suke yi in an yi rasuwa.

Da ta juyo, hannun Cleophus na nan a ɗage bisa tsirkiya. Idonsa na kan diddigen, wanda garin fulawa ya yi wa fari.