Robar Direba

Ita dai Maman Biyu da kunnenta ta ji, ranar da ta raka mijinta asibiti awon hawan jini: sankarar hanji ta fi kama maza, balle in sun haura hamsin. Shi kuwa mijin, Direba, hamsin da bakwai yake, ga taba, ga tumbi. Nas ta miƙa masa wata 'yar roba mai murfi da sunansa a jiki, ta ce ya ɗebo bayan gidansa kaɗan ya kawo, a duba ko da jini a ɓoye.

Tab! Ana isa gida ya ce bai san zancen ba.

"Ni, da gemuna, in ɗauki kashina in kai wa sa'ar 'yata? Allah ya kiyaye!"

Kwana huɗu robar na zaune a tagar banɗaki kusa da sabulu, Maman Biyu na mita har bakinta ya gaji. Rana ta biyar yana neman makullin mota ya ce, "Ke ki zuba naki mana, a huta. Shekara talatin tukunya ɗaya muke ci, me ke cikina da babu a naki?"

Ta juya maganar, ta sake juyawa. Kamar da gaskiya, kamar kuma babu. To amma tunda ciwon na maza ne, ai nata fes zai fito, ko ba komai ba za a ce sun raina asibiti ba. Ta zuba, ta naɗe a leda, ta kai.

Bayan mako guda aka kira su. Likita ya juyo da takarda ya ce, "Baba, an ga jini. Ba lallai sankara ba ce, amma dole a sa kyamara a duba hanjin."

Maman Biyu ta fashe da kuka, ta riƙe hannun rigar mijin. "Na shiga uku! Ban ce ka bar tabar nan ba? Ban faɗa ba?"

Direba dai kallonta yake, baki sake. Da ƙyar ya ce, "Maman Biyu, ai naki ne."

Kukan ya tsaya cak. Wallahi ta manta. Ta dubi takardar, ga sunansa ɓaro-ɓaro. Ta dubi likita.

"To ai... ai ciwon maza ne. Haka kuka ce. Kuma sunansa ne a jiki."

Sai da suka yi bayani sau biyu likita ya gane ta'asar da aka yi. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Mama, cewa aka yi ta fi kama maza, ba a ce ta ƙyale mata ba. A mata ma sau da yawa can gefen dama na hanji take ɓuya, jini na zuba a hankali, mace ta ɗauka gajiyar aiki ce."

"To yanzu waye ba lafiya, ni ko shi?"

"Shi ba a ma gwada shi ba tukuna. Ke za mu fara dubawa."

Ya matso ya ja fatar idonta ƙasa, ya ɗan jima yana kallo. "Kina yawan jin kasala? Jiri fa?"

Tsoro ya kama ta sosai. Ta buɗe baki za ta ce lafiyarta lau, kamar yadda take ce wa kowa, sai Direba ya riga ta.

"Ya kai wata takwas, likita. In tana shanya sai ta zauna sau biyu kafin ta gama. Ina gani ta taga, ban taɓa tambayarta ba."