Benci Mai Ƙafa Uku

Malamar aji huɗu tana tsaye a kan kujera tana ɓamɓare takardun yara daga bango, ranta a ɓace. Hedimasta ne ya sa ta, don sufeto na tafe. A cewar hedimastan, makaranta ba gidan wasa ba ce. Tun yana ɗalibi haka ake koyon rubutu: malami ya rubuta a allo, yara su kwafa, shi ke nan.

Ita kuwa ta gaji da ganin yara suna kwafar "Makarantarmu tana da kyau ƙwarai" alhali rufi na yoyo a kansu. Shi ya sa ta ce kowa ya yi waƙar ban dariya a kan abin da ke gabansa. Har Auta, yarinyar da ba ta taɓa haɗa jimla da kanta ba, sai da ta rubuta. Ga ta nan tsaye tana jiran a sauke tata.

Malamar ta kai hannu, sai ta fasa. In kora ce, a kore ta daga aiki.

Da sufeto ya shigo, takardar Auta ya fara gani. Ya karanta a fili:

Bencinmu ƙafa uku gare shi,
Ta huɗun dutse muka ara mishi,
In Dogo ya yi atishawa,
Duk layinmu sai faɗuwa.

Ya yi dariya har da cire tabarau. Nan take hedimasta ya ce ai tsarin da ya daɗe yana ƙarfafawa ke nan.

Washegari malamar ta tarar da waƙar a allon kowane aji, an ce kowa ya kwafa. Ta faɗa ofis ko sallama babu.

"Ranka ya daɗe, ni nasu nake so su rubuta."

"To, 'yata, ba ga shi an samu mai kyau ba? Me ya rage a wahalar da sauran?"

Kafin ta dawo, mataimakinsa ya riga ya zagaye ajinta da jan biro. Auta tana zaune ta kifa kai. Ashe tana cikin kwafa ne wani layi da ya fi ban dariya ya zo mata, ta canza na ƙarshe. Ya soke shi, ya ba ta sifiri.

"Malama," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa, "ya ce ko kwafa ban iya ba."

Malamar ta jawo takardar, ta karkata ta wajen taga, tana ƙoƙarin karanta abin da ke ƙarƙashin jan.